Kajin Baba Moro Sun Ga Jini

"Rabi'a! Miƙo hannu, karɓi wannan!"

Kafin in buɗe baki Baba Moro ya ɗago kaza ta saman katangar da ta raba bayan gidansa da namu, ya dangwara mini ita a ƙirji. Shanya nake kwashewa, da zanen gado na tare ta. Ɗuminta na fara ji, sannan na ga jini yana bin farin zanen. Daga tsakiyar bayanta har gindin wutsiya babu gashi ko ɗaya, nama ne ja a fili, an huda shi wuri uku.

"Innalillahi! Baba, fox ne? Yanyawa ce ta shigo?"

"Wane fox? 'Yan'uwanta ne. Riƙe ta da kyau, kar ki sake ta."

Ni tun ina yarinya a Zariya tsoron kaza nake yi, har yayyena suna tura ni ɗauko ƙwai don su sami abin dariya. Ga shi na haura shekara arba'in da haihuwa, ina tsaye a bayan gida a unguwar Moss Side ta ƙasar Turawa, rungume da kaza mai zubar jini. Na leƙa ta saman katanga. Sauran biyar ɗin sun taru jikin ragar akurki suna tura kai ta ramukan waya, bakinsu ja, idonsu a kan wadda ke hannuna. Ba su yi wani kuka ba, kallo kawai suke yi, kuma kallon ne ya fi tayar mini da hankali.

Baba Moro mutumin Kumasi ne, ɗan Zango. Shekara talatin ya yi yana tuƙa bas a Oxford Road kafin ya ajiye aiki. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'yarsa ɗaya Abiba kuma tana aure a Birmingham. Bayan rasuwar ne ya sayo kaji shida, ya ce gidan ya yi masa shiru. Da safe yakan buɗe musu su bazu a ɗan filin bayan gida, su yi ta tone-tone, shi kuma ya zauna a kujerar roba yana yi musu faɗa da sunayensu. Maigidana aikinsa a teku yake, wata guda can wata guda nan, don haka ni ce maƙwabciyar da Baba ya fi gani. Duk Juma'a sai na tarar da ƙwai shida a kan katanga, a naɗe cikin jarida.

Abin ya lalace ne da shigowar sanyi, lokacin da aka yi sanarwar murar tsuntsaye aka ce kowa ya kulle kajinsa. Baba mutum ne mai tsoron takardar hukuma. Ranar ya tattara su cikin akurkin katako wanda bai fi faɗin gado ba. Da sanyi ya tsananta sai ya ja waya daga kicin ya rataya musu ƙwan fitila mai haske kamar na shagon tela, yana ci dare da rana.

Rebecca, maƙwabciyarmu ta ɗaya ɓangaren, 'yar Jamaika wadda ta taɓa kiwon kaji, ita na kirawo ranar. Ta duba kazar, ta duba akurkin, ta girgiza kai. Ta ce wuri ya yi musu kaɗan, ba su da abin yi, hasken nan kuma yana hana su barci yana sa su zafin rai. Da figar gashi suke farawa, in kuma suka ga ja sau ɗaya ba su dainawa sai sun ga hanji. Ta ce a ware mai ciwon, a fesa mata maganin da zai rufe jan, a rataya wa sauran kabeji da igiya su sami abin sara, a kuma kashe fitilar.

Baba ya yarda da komai ban da na ƙarshen.

"Ni da bargo biyu da heater ina rawar ɗari," in ji shi, "su da ba su da ko riga in bar su cikin duhu da sanyi? Me zan ce wa Allah?"

"Baba, ta ce gashinsu ya ishe su."

"Ita a nan ta tsufa, jininta ya saba. Ni na san sanyi."

Maganin da Rebecca ta kawo na fesawa ne, launin shuɗi mai duhu. Da Baba ya ga launin a bayan kazar sai ya kwashe da dariya. "Ashe GV ne! Da shi aka rene mu a Zango. Duk yaron da ka gani ƙafarsa shuɗiya ce." Ni ma na yi dariya, don mu ma da shi aka shafe mana kowane gyambo. Aka sa kazar, Ubaida sunanta, a kwali kusa da murhu a kicin ɗinsa.

Bayan kwana huɗu ina sama ina ninke kaya, na leƙa ta tagar ɗakina wadda ke kallon bayan gidansa. Yana cikin akurki a sunkuye yana ɗaura kabeji, silifas ne a ƙafarsa. Kaji uku sun taru a ƙafarsa ta hagu suna sara, suna ja da baya, suna komowa. Na ɗauka hatsi ne ya zuba a wurin. Sai na ga ɗaya ta ɗago kai da wani abu ja a bakinta, shi kuwa yana ta ƙulla igiyarsa yana 'yar waƙa.

Ban san yadda na sauka daga benen ba.

"Baba, ƙafarka! Fito! Fito!"

Ya dubi ƙasa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya kore su da hannu ya fito. Ƙofar akurkin ta kumbura da ruwan sama, sai ya tokare ta da gwiwa ya ɗaga, ya tura sakatar da hannu biyu kafin ta shiga. Yana gamawa ya zauna a kujerar robarsa ya ɗora ƙafar a kan bokiti. Gefen babban yatsan a buɗe yake. Ba ciwon ranar ba ne, tsohon gyambo ne suka samu suka faɗaɗa.

"Ba ka ji ba?"

"Shekara biyu ke nan ban ji ƙafar nan ba. Ciwon suga ne." Ya miƙo hannu. "Ba ni GV ɗin can."

"Na kaji ne, Baba. Mu je wajen GP, likita ya duba, yanzu zan kira taxi."

"Miƙo, 'yata."

Na miƙa masa. Har yau ina tuna cewa hannuna ne ya ɗauko gwangwanin nan. Ya fesa har yatsan ya koma shuɗi, jan ya ɓace, ya ce, "Kin gani? Ba komai."

Na ce zan kira Abiba. Nas ce, aikinta ke nan, bin gidajen tsofaffi tana wanke musu gyambo. Fuskarsa ta canja.

"Shi ya sa ba za ki kira ta ba. Kallo ɗaya za ta yi ta ce hospital. Can su yanke yatsa, su yanke ƙafa, su ce ba zan iya hawa bene ba. Daga nan sai care home, gidan tsofaffi, a Birmingham, a zaunar da ni gaban talabijin da mutanen da ba su san sunana ba. Na kai abokina Sunusi irin wurin da hannuna, wata biyar ya yi." Ya nuna akurkin da haɓa. "Mutum in ya tsufa kamar su ne, Rabi'a. Kar ka bari a ga jininka. Masu sonka ma taruwa za su yi a kanka."

"Baba, wannan ba magana ba ce."

"Ki ce wallahi ba za ki gaya mata ba."

Dattijo ne, sa'an mahaifina, yana kallona da idon da ya cika da ƙwalla. Na faɗa.

Sai ya sassauta murya. "Abu ɗaya nake tsoro. Jiri yana ɗibata wani lokaci. In na faɗi a cikin can, kar ki bar ni da su. Ina so masu wanka su same ni yadda Allah ya yi ni." Ya nuna igiyar da ke cikin akurkin. "Kullum ƙarfe takwas ina rataya sabon kabeji. Ki riƙa leƙowa ta tagarki. Ran da kika ga babu sabo, ki shigo ta ƙofar lungu." Ya ciro makulli daga aljihun jallabiyarsa ya damƙa mini.

Kwana goma sha biyu na yi ina wannan gadin. Tun bakwai da rabi nake tsayawa a taga da kofin shayi yana hucewa a hannuna, gari bai gama wayewa ba, akurkin kaɗai ke haske a duk layin. In na ga ya fito yana jan ƙafa cikin takalmin roba da na tilasta masa sawa, sai in saki numfashi. Ran da ya makara da minti goma har na sa hijabi na ɗauki makulli. A makarantar da nake taimaka wa malamar 'yan aji ɗaya, yaro ya faɗi ya kurje gwiwa, sauran suka zagaye shi suna kallo, sai da na fita na riƙe bango.

Kajin kuma ba su daina ba. Kabejin yakan ɗauke musu hankali zuwa azahar, daga nan su koma kan junansu. Wata fara ta fara yin sanƙo a wuya. Wata safiya Baba ya fito da ɗaya a leda, bai bari na gani ba, ya ce dai sun fara ta baya. Na roƙe shi ya kashe fitilar. Ya ce ai wadda ta mutu ma sanyi ne ya raunana ta.

Ubaida ce kaɗai ke samun sauƙi. Ɓawo ya rufe bayanta, ƙananan gashi suna tsirowa ta cikin shuɗin. Baba yakan ɗaga ta ya nuna mini. "Magani ɗaya muke sha ni da ita. Dubi yadda ta warke."

Ranar Laraba na kai masa farfesu. Tun daga ƙofar kicin na ji warin, wani wari mai zaƙi-zaƙi da turaren wutar da ya kunna bai rufe ba. Yana zaune da rigar sanyi biyu, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Ya kira ni da sunan matarsa, sannan ya gyara. Na ce ya cire safa in gani, ya ƙi. Amma na ga idon sawun ya kumbura har ya cika bakin wandon, shuɗin kuma ya hau sama inda na san bai fesa ba.

Na koma gida na yi alwala na zauna a kan sallaya. Na yanke shawara zan karya rantsuwar in yi kaffara. Waya tana gefena, lambar Abiba tana ciki. Amma a gidanmu ba a faɗin magana mai nauyi ta waya. Mahaifiyata takan hau mota tun daga Zariya har Funtuwa don ta faɗi abin da bai fi jimla biyu ba, ta ce magana in tana da girma da ƙafa ake kai ta. Ta yaya zan kira 'yar mutane in ce mata na ɓoye ciwon ubanki kwana goma sha biyu, sannan in kashe waya? Na ga ya fi mutunci in je in zauna gabanta ta kalli idona. A lokacin wannan tunanin daidai ya yi mini, har na ji na yi dabara.

Washegari na fita ƙarfe bakwai don in sami jirgin ƙasa na safe a tashar Piccadilly. Na leƙa taga kafin in sauka. Fitila tana ci, guntun kabejin jiya yana rataye, lokaci bai yi ba. Na ce ai yini ɗaya ne.

Abiba ta buɗe mini ƙofar gidanta a unguwar Small Heath ta Birmingham da mamaki, ranar ba ta da aiki sai yamma. "Anti Rabi'a! Ke ce da kanki? Shigo, shigo." Ta ɗora shayi. Muka gaisa, na tambayi maigida, na tambayi yara da makaranta, ta tambayi mutanen Zariya. Na sha rabin kofi. Minti ashirin na ɓata a gaisuwa, don ban san ta inda zan fara ba.

Da na faɗa, ba ta yi ihu ba. Ta ajiye kofinta a hankali.

"How long?"

"Kwana goma sha biyu da na gani."

"Launin ƙafar fa? Akwai wari? Yana rikicewa in yana magana?"

Na ce e, e, e.

"Anti, why didn't you just ring me? Kin baro shi shi kaɗai kin hawo train?"

Ta kira wayarsa, ta yi ta ƙara har ta yanke. Ta sake kira. Na dubi agogon bangonta, sha ɗaya saura kwata. Takwas ta wuce da kusan awa uku, kuma babu wanda ya leƙa ta taga. Makullin lungu yana cikin jakata.

Abiba ta kira ambulance tana sa takalmi, ta ba su adireshi da Turancin asibiti mai sauri. Ni na kira Rebecca, tana bas a Wilmslow Road, ta ce yanzu za ta sauka ta juya. Muka shiga mota.

Ban taɓa ganin hanya mai tsawon M6 ta ranar ba. Ruwa yana sauka, manyan motoci suna watso mana shi a gilashi. Abiba tana tuƙi tana salati ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ba mutuwa nake gani ba, Allah ya gafarta mini. Kaji huɗu nake gani, da ƙofar akurki a rufe daga ciki, da dattijo a kwance a kan dusa, takalmin roba ya zame. Na san inda suke farawa. Na san ba su dainawa. Na cusa gefen hijabina a baki don kar Abiba ta ji haƙorana suna haɗuwa.

Mun wuce Stafford wayar Abiba ta yi ƙara ta lasifikar mota. Muryar namiji ce, ma'aikacin ambulance, ya tambaya ko tuƙi take yi, ya ce ta sami wuri ta tsaya. Daga nan muka sani. Ta shiga wurin hutawa na gaba ta kashe mota, ya faɗa mata. Ta kifa kai a sitiyari tana innalillahi.

Na jira har ta ɗago. "A ina suka same shi?"

"Sun ce in the garden, a bayan gida."

"Ciki ko waje?"

"Cikin me, Anti?"

Na kasa gaya mata. Awa guda da ta rage na yi ta ni kaɗai da wannan tambayar.

Mun tarar da ƙofar lungu a ɓalle, ɗan sanda ɗaya a tsaye, Rebecca tana riƙe da lema a kan wani abu da aka lulluɓe da jan bargo. Ba a cikin akurki yake ba. A bakin ƙofarsa yake, ta waje, kansa ya jingina da katakon. Rebecca ta kama hannuna ta ce haka suka same shi, a durƙushe, hannunsa ɗaya a kan sakata. Sakatar ta shiga har ƙarshe.

Abiba ta durƙusa a cikin ruwan ta ɗaga bargon. Ta dubi fuskarsa, ta shafa gemunsa, ta bi hannuwansa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take duba marasa lafiyarta. Babu ko ƙwarzane. Na ji bakina yana cewa, "Ba su taɓa shi ba, ba su taɓa shi ba," Abiba ta waiwayo ta dube ni, sannan ta dubi akurkin, na ga ta gane.

A ciki sabon kabeji ne a rataye, kore shar, an ci gefe ɗaya. Ya fito ƙarfe takwas kamar kullum, da zazzaɓinsa, ya ɗaura shi don in gani in kwantar da hankalina. Ya faɗi a inda tagata take kallo sosai. Ni a lokacin ina cikin jirgi ina shirya kalmomin da zan fara da su.

Da la'asar aka zo aka ɗauke shi. Mutanen masallaci suka fara shigowa, Abiba tana falo tana amsa waya. Ba ta ce mini komai ba, ba ta kuma kore ni ba. Na shiga kicin na zuba wa Ubaida ruwa, ta leƙo daga kwali ta sha. Takalmin robarsa yana bakin ƙofa inda ma'aikatan suka ajiye shi. Na zura ƙafata a ciki, ya yi mini yawa, na ja shi zuwa bayan gida.

Magariba ta kawo kai, akurkin yana ta haskensa. Na kama sakatar da hannu ɗaya, ta ƙi motsi. Na sa biyu, ta ƙi. Sai da na tokare ƙofar da gwiwa na ɗaga da dukkan ƙarfina, ni mai lafiya, sannan ta zame. Ashe haka ya yi da sauran ƙarfinsa, ya rufe su ciki kafin ya faɗi.

Na shiga. Kajin suka zagaye takalmin suna ƙwanƙwasa robar da baki, ina jin kowane sara a yatsuna. Na naɗe hannu da gefen hijabi, na miƙa sama na murza ƙwan fitilar har ya mutu. Suka yi cirko-cirko. Can ɗaya ta yi tsalle ta hau sandar kwana, wata ta bi ta, har huɗun suka jeru suka cusa kai cikin fiffike. Kabejin da na buga da kafaɗa yana ta lilo a igiyarsa, a hankali a hankali, har ya tsaya.